Fijon Baba za ta kai mu Lafiya lafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Daga Jos nake rubuto maka. Mahaifinmu ya rasu bara, da aka raba gado Fijo 504 ɗinsa ta faɗo a kasona, haɗin Kaduna ce, ta 1986. Shekararta shida a ajiye a ƙarƙashin rumfa, tun da idonsa ya yi rauni ya daina tuƙi. Na sa an wanke kafireto, an sa sabon batir da fulogi, ta tashi, yau sati uku ke nan ina zaga gari da ita. Wata mai zuwa akwai bikin ƙanwar maiɗakina a Lafiya, ina so mu tafi a cikinta da yaranmu uku. Ita ta ce ƙafarta ba za ta shiga ba. Ni ma abu biyu na damuna: birki sai na taka sau biyu yake kamawa sosai, kuma babu bel a kujerar baya. Amma baffana da bakanikenmu sun ce in kwantar da hankalina, wannan mota ƙarfe ce zalla, ko wata motar ta buge ta sai dai fenti ya goge, ba irin na yanzu ba masu yamutsewa kamar gwangwanin madara. Kwana biyu ba na samun barci sosai. Ba na so in sayar da ita, har yau ƙamshin turaren Baba na nan a ciki. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Bari in fara da abin da zai ba ka barci yau da dare: ba sai ka sayar da ita ba, amma kada ka hau hanyar Lafiya da ita a yadda take. A wannan magana maiɗakinka ta fi baffanka da bakanikenku gaskiya, ko da yake ban ce ka je ka faɗa wa baffa haka ba.

Na san abin da ka ji a sati ukun nan, don a ƙarƙashin 504 na koyi sana'a, a kanta kuma na koyi tuƙi. Da asubar hunturun Jos ka ja cok, ka murza makulli, ta yi tari sau biyu ta kama. Kujerar ta haɗiye ka kamar katifar auduga. Ka faɗa rami ka jira jijjiga, sai ka ji ta lanƙwasa ta miƙe kamar raƙumi ya taka yashi. Sitiyarin da nauyi in tana tsaye, da zarar ta fara tafiya sai ya yi laushi, kana jin titi a tafin hannunka, kana sanin inda kwalta ta ƙare tsakuwa ta fara ba tare da ka duba ba. Motar yanzu ba ta gaya wa direba komai, wannan kuwa hira take yi da kai tun daga ƙofar gida. Ba banza ba ta ci kyautar motar shekara a Turai a 1969, shekara ɗaya bayan fitowarta, ta kuma ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar haɗa ta a Kakuri, Kaduna. Faransa ta daina yin ta a 1983, mu muka ci gaba da haɗa ta har shekara ashirin da wani abu bayan nan, saboda ta dace da hanyoyinmu. Wanda ya ce maka mota ce mai kyau bai yi maka ƙarya ba. Ƙaryar tana wani wuri daban, zan zo kanta.

Birki tukuna, don shi ne zai iya hallaka ku kafin ma a kai ga zancen ƙarfe. Birkin da sai an taka sau biyu yake kamawa yana nufin ɗaya daga cikin uku: iska ta shiga layi, ko robobin masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi in ka taka feda, sun gaji, ko kuma lainin na baya ya ci ya yi nisa da diram, in taka mai diram ce a baya. Gwaji mai sauƙi: tana tsaye, injin na aiki, taka birki ka riƙe da ƙarfi ɗaya, ka ƙirga talatin. In ƙafarka na nutsewa a hankali, masta ce ke yoyo ta ciki, ko da ba ka ga ɗigon mai a ƙasa ba. A motar da ta yi shekara shida a tsaye ba na ma tsayawa bincike. Robobin masta, robobin ƙafafu huɗu, tiyon roba da ke kai mai ga kowace taya, duk a cire a sa sababbi, a zubar da tsohon man ƙarƙaf a sa sabo daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka.

Dalilin da ya sa na matsa a kan man shi ne hanyar da za ka bi. Daga Jos zuwa Akwanga sai ka sauka Hawan Kibo, kuma duk ɗan Jos ya san abin da gangaren nan ya ci. Man birki yana shan danshin iska a hankali, ko motar na tafiya ko tana ajiye. Sabon man birki mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. DOT 4 kuwa 230 ne sabo, 155 in ya jiƙa. A cikin gari ba za ka taɓa kai wa wannan zafin ba, shi ya sa sati uku kana yawo kana ganin lafiya lau. A dogon gangare, da mutum biyar da kayan biki a but, ƙafa a kan birki tun daga sama, man zai tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi. Sai ka taka ka ji feda ta tafi har ƙasa kamar ka taka soso. Bayan awa ɗaya, in man ya huce, birkin ya dawo daidai, masu kallo su taru su ce ai birki kalau yake, aljanun wurin ne. Ko bayan gyara, a giya ta uku ko ta biyu ake saukar wurin, injin ya riƙe motar, birki ya zama na taimako. Kada ka sa ta a firi, kada kuma ka kashe injin don tattalin mai kamar yadda wasu direbobin haya ke yi: baƙar tukunyar nan da ke bayan masta, wadda ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi, da injin take aiki, in ka kashe shi taku biyu ko uku ne suka rage maka. Kuma duk bakaniken da ya ce zai toshe layin ƙafar da ke yoyo da ƙusa "kafin a samu kaya", ko ya ce ruwan omo na iya riƙe ka zuwa gida, ɗauke motarka ka bar masa garejinsa.

Yanzu ga maganar "ƙarfe ce zalla". Ba na jin akwai ranar da za ta wuce ban ji ta ba, daga bakin dattawa, daga bakin 'yan kamasho, abin takaici har daga bakin masu sana'ata. Mutum zai zo ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar mota da bayan yatsa, ya ji sauti mai kauri, ya gyaɗa kai ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Sannan ya danna bambar motar yanzu da babban yatsa, ta lotsa, ya yi dariya ya ce roba. Daga nan an gama shari'a. Ni kuwa na gaji da wanke jini daga cikin motocin da jikinsu bai yi komai ba.

Shekarun baya an jawo mana wata wagon da ta daki kan kwalbati. Mutane suka kewaye ta suna yabo: dubi, fitila ɗaya ce kawai ta fashe, bamba ta ɗan karkace, gobe ma sai ta hau hanya. Ni na buɗe ƙofar direba don in saki giya a tura ta ciki. Zoben sitiyarin ya lanƙwashe ya koma gaba kamar an naɗe faifai, kuma ba guduma ce ta lanƙwasa shi ba, ƙirjin mutum ne. A gilashin gaba, ɓangaren mai zaman banza, akwai wani zagayayyen tsagewa kamar gidan gizo-gizo, da 'yan gashi maƙale a tsakiyarsa. Kujerar gaba ta tsinke daga ƙusoshinta saboda waɗanda ke baya sun afko mata. Motar kam mun gyara ta cikin sati biyu, magada suka sayar. A wannan shekarar kuma wani ya zo mana da ƙaramar mota ta zamani a bayan a-kori-kura, gabanta ya tattare har kusa da gilashi, ba ka gane lagireto daga batir. Mai ita da ƙafarsa ya shigo, yana ta faɗa, wai an cuce shi an sayar masa da gwangwani. Hannunsa kawai ya ɗan kumbura inda jakar iska ta buge shi. Na ce masa Alhaji, ƙofar direba ta buɗu? Ya ce ta buɗu mana, ta nan na fito. Bai gane abin da nake nufi ba, ni kuma ban ja maganar ba don ransa a ɓace yake.

Ga abin da masu ƙwanƙwasa ƙofa ba sa lissafawa. Gudu ba ya kisa sai an tsaya farat ɗaya. Mota mai gudun kilomita 50 a awa in ta daki abin da ba ya motsi, daidai take da wadda aka sako daga tsayin mita goma, wato kamar saman bene mai hawa uku. In gudun ya zama 100, ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, mita arba'in ke nan. Wannan ƙarfin dole ya tafi wani wuri. Ko dai ƙarfe ya lanƙwashe ya shanye shi, ko kuma ya wuce kai tsaye zuwa ga naman da ke zaune a ciki. Duk yaron da ya taɓa dirowa daga katanga ya san wannan ilimin: a kan tulin yashin magina yake dira, ba a kan daɓen siminti ba, kuma yana lanƙwasa gwiwa. Tsayin katangar ɗaya ne, bambancin kawai shi ne yashi na ba ka ɗan lokaci ka tsaya. In gaban mota ya tattare rabin mita kafin ta tsaya, mutanen ciki sun sami rabin mitar nan. In ya yi taurin kai ya tattare kwata kawai, bugun da zai same su ya ninka. To wanda yake maka alfahari cewa motarsa ba ta lotsawa, alfahari yake yi da cewa ya zaɓi daɓen siminti.

Ba jiya aka gano wannan ba, kuma ba don a rage kuɗin ƙarfe aka yi ba, kamar yadda ake yaɗawa a tasha. Wani injiniyan Marsandi mai suna Béla Barényi ne ya yi rajistar dabarar a 1952: gaba da baya su zama masu tattarewa, ɗakin da mutane ke zaune ya zama mai tauri. Marsandi ta fara fitar da mota a kan wannan tsari a 1959. A shekarar ce kuma Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, irin wanda kowa ke amfani da shi yau. Abin da ya canja tun daga lokacin shi ne an ƙara ƙwarewa a wurin da ya kamata a yi laushi da wurin da ya kamata a yi tauri. Robar da kake dannawa da yatsa riga ce kawai. Ginshiƙan da ke gefen gilashi da tsakanin ƙofofin motar yanzu, da wani irin ƙarfe ake yinsu wanda ya ninka na da ƙarfi, tambayi duk mai gyaran bodi da ya taɓa ƙoƙarin miƙar da shi da guduma. Har nauyin da ake taƙama da shi ma ba gaskiya ba ne. Ka ɗora 504 ɗinka a sikeli, ka ɗora Corolla ta wajen 2010, dukansu a tsakanin kilo 1,200 da 1,300 za ka same su.

In kana da data, nemi bidiyon gwajin da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta yi a 2009. Sun ɗauko Chevrolet Bel Air ta 1959, jibgegiyar mota irin wadda baffa zai gani ya yi kabbara, suka haɗa ta gaba da gaba da Chevrolet Malibu ta 2009, kowace na gudun kilomita 64. Tsohuwar ce ta rushe. Ɗakin direba ya matse, sitiyari ya taho fuskar mutum-mutumin da aka zaunar, gilashi ya fice. Sabuwar gabanta ya lalace, ɗakin direba kuwa yana nan yadda yake. Ka nuna wa bakanikenku, ganau ya fi jiyau. Adalci kuma shi ne in ce 504 ba Bel Air ba ce, ta zo bayanta da shekara tara, kuma a zamaninta tana cikin masu kyan tsari. Amma zamaninta ke nan. Ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, kuma ba da sa'o'inta za ta gamu a hanyar Akwanga ba, da Hilux da Sienna da tirela za ta gamu.

Sannan wane ƙarfen ma ake magana? Na 1986, wanda ya sha damina wajen arba'in. Tsatsa ba ta cin inda ido ke gani, daga ciki take farawa: ƙasan ƙofofi, dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin matakala, bene a ƙarƙashin kafet, inda shokozoba ke ɗaure a sama, da wurin da ƙusar bel ke shiga. Ɗaga kafet ɗin ka soka sukundireba, kada ka ji tausayi. Ɗauki mayen ƙarfe, irin na tsohuwar lasifika, ka bi jikinta da shi. Duk inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin, fila ce aka shafe aka bi da fenti. Na taɓa ɓamɓaro fila mai kaurin yatsa biyu daga gefen wata "ƙarfe zalla", a bayanta takardar buhun siminti ce da wayar kaji. Sautin nan mai kauri da ake ji in an ƙwanƙwasa, sau da yawa sautin fila ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu ƙara wa mota "ƙarfi". A kai ta wurin mai walda, ya liƙa mata rodi ko angil a gaba, ya haɗe da shasi, a yi fenti baƙi, a ce yanzu ko saniya ka buge ba abin da zai same ka. Ɗan wurin da masu ƙirar suka bari don ya shanye bugu, shi aka kashe da hannu, aka kuma biya kuɗi. Ban da abin da rodin nan zai yi wa ɗan makaranta ko mai babur. Wasu har motar zamani suke yi wa haka, su cire jakar iskar da ta fashe su cusa tsumma, su kashe fitilar gargaɗi a dashbod don mai saye kada ya gani. Wannan ba kanikanci ba ne, kuma wanda ya yi ya san sunan abin da ya yi.

A kowane haɗari karo uku ake yi. Mota ta daki abu, wannan ɗaya. Mutum ya daki cikin mota, biyu. Hanta da saifa da ƙwaƙwalwa su daki ƙashin da ke kewaye da su, uku. Taurin bodi ba ya hana na biyu da na uku, ƙara su yake yi. Shi ya sa za ka ji an ce wane ya fito da ƙafarsa, har ya taya fitar da mutane, ko ƙwarzane babu, da dare ya ce cikinsa na ciwo, kafin asuba ya cika. Sai a fara raɗe-raɗin jifa ko sammu. Jini ne ke zuba a ciki tun rana. Duk wanda ƙirjinsa ko cikinsa ya bugi sitiyari ko kujera, asibiti za a kai shi a ranar, ko yana dariya, ba wurin mai ɗori ba.

Wannan ya kawo mu kujerar bayanka da ba ta da bel, wadda a ciki kake shirin zuba 'ya'ya uku. Na san yadda za a yi: manyan biyu a gefe, ƙaramin a cinyar uwarsa, wataƙila ma a gaba. Yi lissafi da ni. A gudun 50 kacal, in motar ta tsaya cikin rabin mita, nauyin kowane abu a ciki yana ninkuwa kamar sau ashirin. Yaro mai kilo 12 ya zama kilo 240, kusan buhun siminti biyar, a cikin ƙiftawar ido. Babu uwar da hannunta zai riƙe wannan, komai son da take yi masa. In kuma ita ba ta ɗaure ba, nata nauyin ne zai matse shi da dashbod. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwar na gaba da kusan rabi, kuma ni ban san wani gyara a mota da ke sayen rai da arha haka ba. Amma mu mun mai da shi abin 'yan rod sefti: a hango su a ja bel a riƙe da hannu, a wuce a saki. Na gaban da kake da su ma duba su. Zaren da ya sha rana shekara da shekaru yana ruɓewa, in ka ga ya yi fari ko gefensa ya fara zarewa, ya gama aiki. Na baya kuwa, ɗaga kujerar ka duba ko akwai ramukan ƙusa da kamfani ya tanada. In akwai, a nemo bel mai kyau a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano a ɗaura. In babu, sai an sa faranti mai kauri ta ƙarƙashin bene ya riƙe ƙusar, ba a huda falle ɗaya a ɗaure da noti a ce an gama ba.

Tayoyi kada ka ma tsaya kallon zanensu. A gefen kowace akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. In lamba uku ka gani, tun kafin 2000 aka yi ta. Naka dai sun haura shekara shida tabbas, sun kuma yi su a tsaye wuri ɗaya, a canja duka har da safaya. Tiyon lagireto, fanbel da tiyon fetur su ma haka, musamman na fetur da ke bi kusa da injin, don tsofaffin motoci da yawa wuta ce ajalinsu. In ka tarar an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan injin, kamar yadda aka saba yi da sunan wai na ƙasar sanyi ne, a mayar.

Kada kuma takardar shaidar lafiyar mota ta ruɗe ka. Na sha ganin wadda aka buga wa hatimi alhali motar na kan duwatsu a garejina babu injin a cikinta. An biya, an kawo takarda, ba wanda ya taka birkinta ko ya leƙa ƙarƙashinta. Ka yi takardunka don doka ce, amma ba su san halin da mastarka ke ciki ba.

Na san abin da za a ce maka in ka kawo duk wannan: kai dai tsoro ya yi maka yawa, mahaifinka ya yi shekara talatin yana bin hanyar nan ba bel, in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai a tafi. Gaskiya ne ajali ba ya jira, ba kuma wanda ya isa ya ƙara wa kansa minti ɗaya. Amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kai da ranka kana iya cewa ka yarda. Yaran nan uku ba wanda ya tambaye su, amana ce aka ba ka, kuma za a tambaye ka. Wanda ya san birkinsa sai an taka sau biyu, ya zuba iyali ya nufi Hawan Kibo yana cewa Allah ya kiyaye, ba tawakkali ya yi ba, ganganci ya yi ya sa masa rawani. Mu masu gyara kuma namu ya fi nauyi, don mutum ya ba ka mota ne saboda bai sani ba, ya ɗauka kai ka sani. Ka ce masa "je ka, ƙarfe ce" don kana ƙyashin gaya masa kuɗin gyara ya fi abin da ke aljihunsa, in wani abu ya faru kana da kaso a ciki, ko ba wanda ya zo ya kama ka. Mahaifinka kuma, Allah ya gafarta masa, sabuwa ya tuƙa, a lokacin da motocin hanya ba su kai na yau yawa da gudu ba.

Bikin saura wata guda, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan karon ku bi wata motar mai bel a kowace kujera, ko ta aro ce ko ta haya, ka gaya wa baffa cewa ana yi wa ta Baba aikin birki, ba ƙarya ka yi ba. Ita kuma a yi mata aikin a tsanake, birki da taya da bel da tiyo, fenti ya jira. In an gama, fita da ita kai kaɗai da safe, ka sami miƙaƙƙen titi marar mutane, ka kai 60 ka taka birki da ƙarfi, hannunka sake a kan sitiyari. In ta ja gefe ɗaya, a koma gareji. In ta tsaya a miƙe, maimaita sau biyar a jere ka ji ko feda ta fara laushi. Bayan nan ka riƙa kai ta Bukuru ka dawo, ka kai yara makaranta a ɗaure, ka je Juma'a da ita. In wata rana za ta yi doguwar tafiya, da rana, kada ta wuce 80, ka bar tazarar da ta ninka wadda kake bari a motar zamani. Ka rubuto mini abin da sukundireba ta tarar a ƙarƙashin kafet, musamman ɓangaren direba, don a nan ruwa ya fi kwanciya.